Buhu Biyu a Kujerar Hazel

Mijin yayata, Clive Tromans, mutum ne da mota za ta wuce a titi ya ce maka sifirin ɗinta na hagu ya gaji, a duba kuma a tarar haka ne. Amma ka aske gashin bakinka ka zauna gabansa, sai ku sha shayi ku tashi bai lura ba. Shekara hamsin ina fama da shi a kan wannan hali, har yau in na tuna wasu abubuwan raina ɓaci yake yi.

A nan Cradley Heath aka haife shi, layi uku daga gidanmu. Babansa maƙerin sarƙa ne. Shi kuma yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga masana'antar sifirin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, bai fito ba sai da aka rufe ta yana da hamsin da takwas. Launin ƙarfe a wuta kawai yake kallo ya san lokacin tsoma shi a mai ya yi. Ba ya caca, ba ya wuce kofi biyu a mashaya, bai taɓa ɗaga wa yayata Hazel murya ba. Mutanen unguwa suna cewa ta yi sa'ar miji. Ni dai nakan ce ta yi sa'ar rabin miji, don ɗaya rabin kullum yana ƙarƙashin mota.

Motar kuwa MG Midget ce, koriya, 'yar mitsitsiya mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. In ka zauna a ciki za ka iya miƙa hannu ka taɓa kwalta. Ya saye ta a hannun wani malamin makaranta shekara guda kafin aurensu, a cikinta suka tafi bakin teku a Barmouth satin amarcinsu, a 1974. Can akwai irin sikelin nan da ake jefa wa kwabo ya fito maka da ɗan kati mai nuna nauyinka. Hazel ta hau don wasa. Clive ya karɓi katin, ya yi lissafi a ka, ya ce, "Buhun dankali biyu cif." Ta kai masa duka da jakarta suna dariya. Da suka dawo ya kafe katin da ƙusa a bangon garejinsa.

Ga inda buhu ya shigo zancen. Clive yana da doka ɗaya da ya fi riƙewa a kan duk abin da ya ji a coci: ba a ɗaure notin sifirin mota tana rataye a kan jak, tayoyi na lilo. Sai an sauke ta ƙasa, an ɗora mata nauyin da za ta riƙa ɗauka, an tura ta gaba an ja ta baya ta zauna sosai, sannan a shiga ramin gareji da ke ƙarƙashinta a ɗaure. In ba a yi haka ba, robobin mahaɗai za su murɗe su yage, motar kuma ta karkace. To, mutum ba zai zauna a kujera kuma ya shiga rami lokaci guda ba, kuma Clive ba ya son zaunar da matarsa awa biyu cikin sanyin gareji. Sai ya riƙa zuwa shagon soya kifi da dankali na babanmu, wanda daga baya ya dawo hannuna, yana aron buhunan dankali ya jera su a kujerun.

Nasa nauyin yana auna shi duk lokacin da zai yi aiki. A bangon za ka ga buhu uku da alli, an soke, uku da kwata, an soke, uku da rabi. Na Hazel kuwa katin nan ne na bakin teku, ya yi ja saboda tsufa, babu wanda ya taɓa shi. Ita kuma ta haifi 'ya'ya biyu, ta yi shekara talatin tare da ni a gaban kaskon suya. Mu 'yan gidan mai kifi da dankali ne, babu wadda ta tsufa siririya a danginmu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na kowa ya sani, ban da na Clive.

Shekarar da aka rufe masana'anta ya samu lokacin da bai taɓa samu ba, kuma a lokacin ne 'yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci suka shiga yayin rage wa mota tsayi, wai don ta fi kama ƙasa a kwana. Clive ya rage wa tasa inci guda. Ya gwada da buhunansa a kan tudun rage gudu da hukumar gari ta yi a ƙofar gidansu, motar ta haye lafiya lau.

Ranar Lahadin farko ta watan Mayu ƙungiyar ta taru a filin ajiye motoci na wata mashaya, mota wajen arba'in, za a fita yawon farkon bazara. Ina wurin, a motar Roy Bloomer, shugaban ƙungiyar, wanda yakan ɗauke ni tun rasuwar matarsa don kada kujerarsa ta tafi babu kowa. Akwai tudu a bakin fita. Clive da Hazel ne na uku a layi. Salansar irin wannan mota ta ƙarƙashin kujerar hagu take bi, inda Hazel ke zaune. Suna hawa tudun muka ji ƙarrr, sai ga salansa ta ɓalle ta kwanta a kwalta tana hayaƙi.

Duk wanda ke filin nan sai da ya kalli kujerar hagu. Sannan kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Roy ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, waɗannan 'yan hukuma da tudunsu, sai sun kashe mana motoci."

Fita daga wannan mota aiki ne ko ga mai jiki kaɗan. Hazel ta ɗauki lokaci ta fito, ta gyara siket ɗinta, ta ce, "Clive, kamar na bar tanda a kunne. Bari in je in duba." Ta taka zuwa tashar bas. Na bi ta, muka zauna a kujerar baya har muka isa gida. Tandar a kashe take, mu biyun mun sani. Sau biyu bayan nan ya lallaɓe ta ta shiga motar, sau biyun ta goga ƙasa a ƙofar gida, a gaban maƙwabta. Daga nan ba ta sake shiga ba, shekara goma sha huɗu.

Abin da Clive ya fahimta shi ne sifirin ɗinsa ne ya ba shi kunya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ya kafa 'yar maƙera a bayan gareji, ya ƙera sababbin falle-fallen sifirin, ya gasa, ya tsoma a mai. Ya mayar wa motar rabi daga cikin incin da ya cire. Shokazobar irin ta dā ce mai hannu da ake ɗura wa mai, ya canza mata mai mai kauri, bai gamsu ba, ya cire ta gaba ɗaya ya sa ta zamani mai kama da famfon keke, 'yan ƙungiya masu ra'ayin riƙau suka yi wata uku ba sa gaishe shi da kyau. Ya cire baƙaƙen robobi ya sa wasu jajaye masu tauri da suka riƙa kuka kamar ɓera. Ya sake cire su. Ko wane aiki ya gama sai ya zo shago.

"Janice, a ara mini biyar da rabi."

"Uku da rabi naka, biyu na wa?"

"Na Hazel mana. Yau kika fara ji?"

"Injiniya, ka ƙara ɗaya, kyauta na ba ka."

"In yi me da shi? Ni ba suya zan yi ba."

Ya tafi ya jera buhunan, ya ɗaure notinsa, ya haye tudun nan gaba da baya sau goma babu ko ƙis. Sai ya leƙa kicin da baƙin mai har gwiwar hannu ya ce, "Hazel, wannan karon na gano ta. Zo mu zaga." Ita kuma ta ce tana da wanki, ko ƙafarta na ciwo, ko ana shirin da take kallo a talabijin. Ya koma gareji jiki a sanyaye, yana ganin matarsa ta daina yarda da aikin hannunsa, abin da duk garin ba wanda ya taɓa yi masa. Washegari ya sake ɗaga motar a kan jak.

Za a ce me ya hana a gaya masa. Na tambayi Roy haka wata rana muna cin burodi da cuku a gefen hanya.

"Ke Janice, rufa mini asiri," in ji shi. "Zan iya gaya wa mutumin nan injinsa na shan mai. Zan iya ce masa fentin da ya yi bai yi kyau ba, ya yi fushi ya huce. Amma in dubi idonsa in ce matarka ta yi nauyi? Da wane bakin?"

"Ku maza arba'in, kowa da tef ɗin awo a aljihu, an rasa mai faɗin gaskiya ɗaya."

"To ke da kike 'yar'uwarta fa?"

Nan ya kama ni. Ni Hazel ce ta ɗaure mini baki. Ranar da na ce mata zan je in yage katin nan, tana yanka albasa ta nuna ni da wuƙar.

"Kar ki kuskura."

"Haba Hazel! Mutum yana kashe kansa a rami a kan abin da buhu ɗaya da rabi zai warware."

"Na ce kar ki kuskura. Duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da yake kallona ya ga yarinyar nan ta Barmouth. Ke kuma kina so ki je ki saya masa tabarau."

"Ba ganin yarinya yake ba, ba ya kallon ki ne kwata-kwata."

"Ko ma wanne ne, bar mini abina."

Tsakanin miji da mata sai Allah. Na ja bakina na yi shiru, amma ba don na yarda ba. Haushinsu su biyun nake ji, ita da kunyarta, shi da makantarsa, ga mota mai kyau tana tsufa a kan jak, ga ranakun bazara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna zaune gida kowa da ɓangarensa.

A watan Oktoban bara ya shigo shago da rana, ana yayyafi, babu kowa sai ni ina feraye dankali. Fuskarsa a sake, abin da ba kasafai ba.

"Yuni mai zuwa muna cika shekara hamsin," in ji shi. "Zan kai ta Barmouth a motar, ta hanyar da muka bi, har masaukin na kama. Saura dai in gano abin da ke damun gefen hagun nan. Ina zargin ƙarfen zamanin nan ne, Janice, ba ya riƙe gashi kamar na dā. A ara mini biyar da rabi."

Ban san lokacin da na jefa wuƙar cikin bokiti ba. Na jawo buhu biyu na yar a gabansa, na jawo na uku, na jawo na huɗu.

"Clive Tromans, ƙarfe lafiyarsa ƙalau! Sifirin ɗinka lafiyarsa ƙalau tun na farko! Matarka buhu uku da rabi ce, daidai da kai. Shekara goma sha huɗu kana gyara mota saboda wata yarinya da ta hau sikeli kafin a haifi 'ya'yanka. Kowa ya sani. Roy ya sani, mai kawo madara ya sani, karen maƙwabtanku ma ya sani. Kai kaɗai ne dolo a layin!"

Ya tsaya yana kallon buhunan. Kunnuwansa suka yi ja. Can ya ce, a hankali, "Ba a magana a kan mace haka, Janice." Ya sa hularsa ya fita, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Sati uku ban gan shi ba. Ran Talatar sati na huɗu sai ga shi da sikelin banɗaki a hammata. Bai gaishe ni ba.

"Uku da rabi kika ce?"

"Haka na ce."

Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya riƙa cire dankali yana aunawa har ya kai rabi daidai. Yana ɗaure bakin ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ranar mashayar nan, kenan ita ta ɗauka..." Bai ƙarasa ba. Na ce, "Ita ta ɗauka, kowa ma ya ɗauka, kuma haka ne." Ya gyaɗa kai, ya kwashi kayansa. A raina na ce yau dai na yi abin kirki, har na ba kaina ƙarin sukari a shayi.

Da na san abin da ke tafe da ban yi murna ba. Clive ya shige gareji kamar wanda aka kulle. Yanzu ya san matsalar, kuma ya ƙudura sai ya biya matarsa abin da ya ja mata. Ya ce ba zai taurara motar ba don kada ta riƙa jijjiga mata baya, zai ƙera wa gefen hagu sifirin nasa na musamman, mai ɗaukar nauyi kuma mai laushi. Ya ƙera ya zubar, ya ƙera ya zubar. A can yake cin abincin rana, a tsaye. Dama ɗakinsu daban-daban tun da minsharinsa ya fi ƙarfinta.

A cikin wannan hunturun ne Hazel ta fara ture faranti. Ta ce ƙamshin mai na tayar mata da zuciya, ita da aka haifa a saman shagon suya. Kafin Kirsimeti na ga zoben aurenta yana juyawa a yatsa. Na ja ta asibiti da ƙarfin tsiya. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da mu a wani ɗan ɗaki mai kwalin hankici a kan tebur, ya yi mana bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ciwon daji ne a ciki, kuma ya yi nisa. Da muka fito ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura gyalenta.

"Ba za ki gaya masa ba."

"Hazel, kar ki sake yi mini wannan. Wancan na haƙura, wannan ba zan iya ba."

"Bayan Barmouth. Ina so in shiga motar nan, Janice. In ya sani, zai rufe ta da tamfol ya zauna a bakin gadona yana kallona kamar tukunyar da ake jira ta tafasa. Ba na so."

A nan na faɗa mata abin da na yi a watan Oktoba. Na zaci za ta mare ni. Ta kalle ni, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta dafa bango.

"Uku da rabi! Kai, 'yar gidanmu, ke dai ba ki taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba."

Duk Talata nake kai ta asibiti, mu ce masa kasuwa za mu. Ya leƙo daga rami ya ce mu sayo masa sabulun wanke mai. Ta koma sa babbar rigar sanyin mamarmu, ta ɗora wata a kai. Maƙwabta suka fara tare ni a hanya suna tambaya ko lafiya. Shi kuwa mutumin da yake kwana gida ɗaya da ita, ya gan ta ta wuce da shayi ya ce, "Na gode, ajiye a kan benci."

Sau biyu na shiga garejin da niyyar karya alkawari. Na biyun na tarar da shi riƙe da falle ɗaya yana shafa shi da babban yatsa, idonsa na ƙyalli.

"Taɓa ki ji, Janice. Na bakwai ke nan. Wannan ko ƙwai aka ɗora mata ba zai fashe ba. Ba za ta sake jin kunya a motata ba, na rantse."

Na so in karɓi ƙarfen in rafka masa a ka. Na so kuma in rungume shi. Na ce, "Ka riƙa shiga gida kana cin abinci da matarka, dolo." Ya ce zai shiga, da zarar ya gama. Na fito na zauna a motata na yi kuka mai isata, ina zagin shi, ina zagin ta, ina zagin bakina da ya tura shi ramin nan da lissafin da ya riga ya tashi daga aiki.

Ranar tafiya ta zo da rana mai kyau. Ƙarfe tara na safe motar tana tsaye a ƙofar gida, an wanke ta, an naɗe rufin, an ɗaure akwati a baya. Na zo da kifi da dankali a takarda don hanya, ko da na san mutum ɗaya ne zai ci. Roy ma ya zo, wai wucewa yake yi. Hazel ta fito da rigar sanyin nan da jan gyale, ta shafa jan baki. Clive ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga cikin sauƙi, abin da ya kamata ya gaya masa wani abu.

Ba ya tafiya mai nisa bai yi awo ba. Ya ce Roy ya zauna masa a kujerar direba, don nauyinsu ɗaya. Ya tura motar gaba, ya ja ta baya. Ya zaro tef, ya durƙusa a tayar baya ta dama, ya auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi. Ya zagayo hagu ya auna. Ya sake duba tef ɗin. Ya koma dama, ya dawo hagu. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya sake ta, ya sake aunawa.

"Hagu ta ɗaga da rabin inci," in ji shi. "Ba zai yiwu ba. Jiya da buhu daidai take."

Roy ya kama sitiyari yana kallon gaba. Clive kuwa, shi ya ƙera sifirin ɗin nan da hannunsa, ya san nauyin da ke sauke shi rabin inci, na ga leɓɓansa na motsi yana lissafi. Sannan, yana durƙushe a kwalta da tef a hannu, ya ɗaga kai ya kalli matarsa. Ya kalli wuyanta da ya fito daga cikin gyalen, ya kalli hannunta a kan ƙofa, da zoben da ta naɗa wa zare don kada ya zame. Ni dai a iya sanina, rabon da ya yi mata irin wannan kallon tun suna bakin teku.

"Hazel," ya ce, "ina buhu ɗaya ya tafi?"

Ta ɗora hannu a kan furfurarsa. "Zan gaya maka a hanya. Tafiyar da nisa, muna da lokaci."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti."

Ya juyo ya kalle ni, na kasa haɗa ido da shi. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya yana juya tef ɗin a hannu kamar bai san na mene ne ba. Sai kawai ya nufi gareji.

"Bari in ɗaga ta in rage falle ɗaya. Awa biyu ne. Ba zan kai ki a karkace ba."

"Clive." Ba ta ɗaga murya ba, amma ya tsaya cak. "In ka sake ɗora motar nan a kan jak, ni da Barmouth sai a hoto. Na gaji da jira. Janice, akwai sauran dankalinki a garejin nan?"

Akwai, buhunan jiya suna jingine a bango ƙarƙashin katin. Ni da Roy muka ciccibo ɗaya muka cusa a bayan kujerarta. Roy ya koma kujerar direba, Clive ya durƙusa ya auna, ya sake aunawa. Hagu da dama sun zo daidai. Roy ya fito, Clive ya share fuskarsa da hannun riga, ya shiga, ya tayar da injin. Na miƙa mata ƙunshin kifin ta ɗora a cinya.

"Injiniya," na ce, "ka riƙa kallon hagunka."

Ya kama hannunta ya ɗora a kan giya, ya ɗora nasa a kai, suka ja a hankali zuwa tudun ƙofar gida. Na tsaya a tsakiyar titi na kasa kunne. Tayoyin gaba suka hau suka sauka, na baya suka hau suka sauka, babu ko ƙis, jan gyalen yana kaɗawa har suka sha kwana.

Shekara goma sha huɗu ina tsine wa ƙarar salansar nan. Ran nan da za a ce in ba da shagona da duk abin da ke ciki don in ji ta goga ƙasa sau ɗaya, da na bayar.